Na Hau Mambila Neman Shinge

A ofishin makarantarmu akwai wata tsohuwar kalanda wadda ba wanda ya yarda a cire ta daga bango. Kwanakinta sun ƙare tun kafin in kama aiki a wurin, amma hoton da ke jikinta bai tsufa ba. Hoton wani gida ne a ƙasar Japan, an kewaye shi da shinge kore shar, ganyen yana ƙyalli sai ka ce an shafa masa mai. Furanni ja da fari sun lulluɓe shi, waɗansu kuma sun zube a gindinsa. A ƙarƙashin hoton an rubuta sunan itacen da ƙananan baƙaƙe, wai kameliya. Shekara 11 ke nan ina shiga ofishin nan kowace safiya in sa hannu a littafin malamai, kullum kuwa sai idona ya faɗa a kan shingen nan. In na fito kuma sai in tarar da namu, wato dangar kara wadda gara take ci ta ƙasa, awaki suna ci ta sama.

Makarantarmu ta ikilisiya ce, tana wani ƙauye kusa da Numan, cikin kwarin Binuwai. Ni ke koya wa yara aikin gona, saboda haka ɓarnar awakin nan a kaina take ƙarewa. Yara su yi wata biyu suna ɗebo ruwa suna ba alayyafo da kuɓewa, ran Litinin mu zo mu tarar an share kome. A 2023 kwamitin makaranta ya gaji, ya ce a dasa shinge mai rai. Aka ware ɗan kuɗi daga gudummawar iyayen yara, aka danƙa mini. Dattijon da ke shugabancin kwamitin ya ce, "Malam, ka nemo bini-da-zugu, akuya ba ta cinsa." Na ce to. Amma zuciyata tana kan kalanda.

Ana nan sai ga takardar gayyata daga wani tsohon ɗalibina wanda yake aikin malamin gona a kan tsaunin Mambila. Zai yi aure a ƙarshen Oktoba, daidai da hutun tsakiyar zango. Da na buga masa waya in yi masa murna, sai ya tuna mini da kalandar, gama shi ma ya sha tsayawa a gabanta sa'ad da aka kira shi ofis domin horo. Ya ce, "Malam, itacen nan naka yana da ɗan'uwa a nan, ba ɗaya ba, ba dubu ba. Ka zo ka gani da idonka." Ban gaya wa kwamiti kome ba. Na sa kuɗin shinge a aljihun ciki, uwargida ta cusa mini rigar sanyi biyu a jaka ina yi mata dariya, muka yi addu'a, na kama hanya.

Na kwana a Jalingo. Da asuba muka tashi a wata ƙaramar mota wadda aka yi wa lodin gishiri da manja har bayanta ya kusa taɓa ƙasa. Muka wuce Bali, rana ta yi tsaka muna Serti, inda ofishin gandun dajin Gashaka-Gumti yake. Wannan gandu ya fi kowane gandun dajin ƙasa girma a Nijeriya, a cikinsa ne kuma dutsen Chappal Waddi yake, wanda tsawonsa ya kai mita 2,419, ba kuwa dutsen da ya kai shi a ƙasar nan. Har zuwa nan zafi irin namu ne, gumi yana ta zuba. A Mayo Selbe direba ya tsaya, ya zuba wa mota ruwa, ya zaga ya dudduba ƙafafunta. Wata tsohuwa da ke kusa da ni ta ciro zanen rufa ta ɗora a cinya. Na tambaye ta ko zazzaɓi take ji. Ta dube ni ta ce, "Ɗana, baƙo ne kai?"

Hawan da ke gaban Mayo Selbe ana ce da shi Biyu da Sisi. An ce a zamanin da babu hanyar mota, sule biyu da sisi ake biyan mai dako ya hau da kaya a ka, sunan kuwa ya zauna. Ni dai da na ga wurin na ce an cuci masu dakon nan. Hanya tana nannaɗe da dutse kamar maciji, hannun nan bango, wancan hannun rami wanda ba ka so ka leƙa. Hira ta mutu a motar. Wani Bafulatani a gaba yana jan carbi, ni ma a baya ina tawa addu'ar a zuci, kunnuwana suka toshe. Kafin mu kai ƙarshen hawan na buɗe jaka na ciro rigar sanyi ta fari, tsohuwar nan tana kallona ba ta ce uffan ba.

Da muka fito bisa sai na ga wata ƙasa dabam. Ba daji, ba ƙaya. Tuddai ne masu laushin gani, ɗaya bayan ɗaya har iyakar ido, ciyawa ta rufe su kamar an shimfiɗa bargo. Jajayen shanu masu dogayen ƙaho suna kiwo, gajimare yana tafiya a ƙasa yana ratsa su. Inda ka hango itatuwa a jere, to, itacen turare ne, wanda mutanen wurin suke kira zaiti, dasa shi aka yi domin katako da itacen wuta. Tsaunin nan ya ɗara bakin teku da wajen mita 1,600, shi ya sa sanyi ba ya rabuwa da shi. Ruwan sama kuma yana farawa da wuri, ya daɗe bai ɗauke ba.

Ga waɗanda ba su san wurin ba, Mambila tana Jihar Taraba, a Ƙaramar Hukumar Sardauna, babban garinta Gembu. Dā can tana cikin ƙasar da Jamus ta mallaka, bayan Yaƙin Duniya na Fari aka ba Ingila riƙonta. A watan Fabrairu 1961 aka yi ƙuri'ar jin ra'ayi, arewacin Kamarun da ke hannun Ingila ya zaɓi zama cikin Nijeriya, aka raɗa wa lardin sunan Sardauna. Mambilawa ne masu ƙasa, akwai kuma Kaka da Panso da Kambu da Fulani, Fulatanci kuwa shi ne harshen kasuwa. Bishara ta shigo musu ta wajen Kamaru, ta hannun 'yan Baptis, har yau kuwa majami'unsu ne suka fi yawa a ƙauyuka. Ni da na saba a ce kome daga Jos ko Numan ya fito, wannan ya ɗan rage mini girman kai.

Angon ya tarye ni a Maisamari da babur. Ya yi ƙiba, ya yi gemu, amma ya durƙusa ya gaishe ni kamar yana aji huɗu. Kashegari da sassafe, ko da yake hidimar biki tana jiransa, ya ce sai ya cika alkawari tukuna. Ya goya ni muka nufi Kakara.

Gani ya kori ji. Mun sha wata kwana ke nan sai ga tudu guda, da na bayansa, da na bayan wancan, duka an rufe su da shinge. Layi-layi ne, kowane layi tsawonsa daidai ƙugun mutum, samansa a baje kamar tebur, sababbin ganye masu haske a bisa, tsofaffi masu duhu a ƙarƙashi. Raɓa tana kansu, rana tana fitowa, wurin duka yana walƙiya. Na sauka daga babur na kama ganye ɗaya. Kauri gare shi, yana da santsi, bakinsa da ƙananan haƙora kamar zarto. Ganyen kalanda ne sak.

Na ce, "To, ina furannin?"

Ya yi dariya ya ce, "Malam, shayi ne fa. Abin da kake sha kowace safiya da burodi."

Na yi shekara da shekaru ina koyar da aikin gona, ina kuma shan shayi tun ina yaro, amma ban taɓa sanin itacen shayi kameliya ne ba. Masana suna kiransa Camellia sinensis, wato kameliyar ƙasar Sin. Na kalanda kuwa ɗan ɗakinsa ne, gida ɗaya suka fito, sai dai wani an riƙe shi domin ganye, wani domin fure. Gonar Kakara an fara ta a shekarun 1970, da irin da aka kawo daga Kenya, daga nan ne kuma shayin nan mai suna Highland Tea yake fitowa. Akwai masana'anta a wurin, akwai kuma ƙananan manoma a ƙauyukan kewaye masu nasu 'yan gonaki, suna kai ganye a auna a biya su. A Kusuku kuma, nan bisa tsaunin, cibiyar binciken koko ta ƙasa tana da reshe inda ake nazarin shayi da kofi.

Muka shiga tsakanin layuka, wandona ya jiƙe sharkaf har gwiwa. Mata suna tsinka, kowace da kwando a baya, ta ɗaura leda a ƙugu saboda raɓa. Na tsaya kusa da wata wadda za ta yi sa'ar yayata, na gaishe ta, ta amsa da Hausa mai gardin Fulatanci, hannuwanta ba su tsaya ba. Hannu biyu take aiki da su, ta tsinka nan ta tsinka can, in tafin ya cika ta wurga ta bisa kafaɗa, ba ta ko waiwaya. Na roƙe ta ta nuna mini a hankali. Ta kama kan reshe ta ce, "Ganye biyu da ɗan toho, Malam. In ka sauka ƙasa da haka ka ɗebo tsoho, mai awo zai zubar." Na gwada. A reshe na uku na fizgo har da kara. Ta ce in bari kada in jawo mata asara.

Na tambaye ta ko aikin yana biyan bukata. Ta ce da damina ganye yana tohowa har ba a iya bin sa, bayan mako ɗaya ko biyu a komo layin da aka tsinke. Da rani kuwa sai ya ja baya, kwando ya yi nauyin cika. Ta ce da ganyen nan ta kai 'ya'ya uku makaranta bayan rasuwar maigidanta. Ɗalibina ya ƙara mini da cewa sai an tara ɗanyen ganye kilo 4 da ɗoriya kafin a sami kilo 1 na busasshe. A masana'anta ana baza shi ya yi yaushi, injin ya yayyanka shi ya murje, a bar shi ya sha iska har ya juya ja, sa'an nan a busar da shi da zafi. Koren shayin da ake dafa wa a ƙaramar buta, wanda Buzaye suke so, shi ma daga itacen nan yake, sai dai shi ana yi masa zafi tun da wuri domin kada ya juya. Tun ran nan in na ga yaro ya bar rabin kofi ya tashi, hannuwan matar nan nake tunawa.

Fure kuwa, dalilin da ya sa ban gan shi da yawa ba shi ne ba a barin itacen ya yi yadda yake so. Kullum ana tsinke kansa, bayan 'yan shekaru kuma a sare shi ƙasa sosai domin ya sāke sabon jiki. Na ga wani fili da aka yi wa haka, kututture ne kawai tsirara, na ce an kashe su. Ɗalibina ya ce in dawo bayan wata uku in gani. Na tuna da abin da Ubangijinmu ya koyar a Yohanna sura 15 a kan manomi da reshen inabi. Sau da yawa na koya wa 'yan makarantar Lahadi wurin nan, amma a ƙasarmu ba mu da inabi, ban kuwa taɓa tsayawa a gaban itacen da wuƙa take raya shi ba sai ran nan.

Domin in ga fure sai ya kai ni gidan wani tsoho, dattijon ikilisiyarsu, wanda ya yi aiki a gonar tun yana saurayi. Tsohon nan ya dasa shayi ya kewaye gidansa da shi, gefen hanya yana aske shi daidai ƙirji, amma a bayan ɗaki ya bar guda ɗaya ya yi gaban kansa. Wannan ya fi rufin ɗakin tsawo. A jikinsa na ga abin da na zo nema. Furen fari ne fat, faɗinsa bai fi bakin ƙaramin kofin shayi ba, tsakiyarsa cike da zare-zare rawaya, kansa a sunkuye kamar mai jin kunya, da ɗan ƙamshi wanda sai ka matsa kake ji. Ƙudan zuma suna ta shiga suna fita. A ƙasa kuma ga 'ya'yansa sun zube, masu ruwan ƙasa, kamar gurjiya. Bai kai na kalanda ado ba, amma na daɗe a tsaye.

Na ce, "Baba, awaki ba su cinsa?"

Ya ce, "Suna taɓa na ƙanana. In ya yi ƙarfi ya haɗe, ko kaza ba ta ratsawa. Wannan da kake gani ya girmi ɗana na fari."

Da dare muna jin wuta, gama a Mambila ko a Oktoba sai da wuta, ɗalibina ya buɗe mini abin da ya karanta a makarantar aikin gona. Yau ga malami ya zama ɗalibi. Ya ce asalin dangin nan duka gabashin Asiya ne. Wanda aka fi sani domin ado shi ne Camellia japonica, mutanen Japan suna ce da shi tsubaki. Yana fure da sanyi, sa'ad da sauran itatuwa suke tsirara, furensa kuma ba ya zuba ɗaya-ɗaya, sai ya faɗo dungum. Daga 'ya'yansa suke matse man da matansu suke shafawa a gashi tun zamanin dā. Akwai kuma Camellia sasanqua, mai ƙananan ganye, wanda ya fi jure rana, shi ne aka fi yin shinge da shi, nasa furen kuwa warwatsewa yake yi. Ya tambaye ni, a kalandar, furannin da suka zube ɗungum suke ko a warwatse? Na rufe ido na duba, na ce ɗungum. Ya ce to, tsubaki ne.

Labarin sunan ya fi kome yi mini daɗi. Wani ɗan mishan ne na Katolika, Georg Joseph Kamel, wanda aka haifa a Brno, cikin ƙasar Cek ta yanzu, a 1661. Mai haɗa magani ne. Aka aike shi tsibiran Filifin, ya buɗe ɗakin magani a Manila inda matalauta suke karɓa kyauta, yana kuma tattara itatuwan ƙasar yana rubuta bayaninsu yana aika wa masana a Ingila. Ya rasu a can a 1706, bai kai shekara 50 ba. Daga baya masanin nan na Suwidin, Linnaeus, wanda ya tsara yadda ake raɗa wa itatuwa suna, ya sa wa wannan dangi sunansa domin tunawa da shi. Ashe duk mai shayin da ke bakin tasha yana dafa ganyen da ke ɗauke da sunan ɗan mishan, bai sani ba.

Turawa da suka samu itacen sun ɗauke shi abin gata ƙwarai. A Ingila ya fara fure a 1739, a lambun wani basarake, Lord Petre, cikin ɗaki mai ɗumi, gama suna tsammani sanyi zai kashe shi. A Pillnitz, kusa da Dresden a Jamus, akwai guda ɗaya da aka dasa a inda yake tun 1801, yana nan da rai har yau, tsawonsa wajen mita 9. A 1992 aka gina masa ɗakin gilashi mai tafiya a kan dogo, da sanyi a turo ɗakin a rufe shi, in ɗumi ya zo a janye. Jihar Alabama ta Amurka kuma ta ɗauke shi furen jiha a 1959. Na ce ikon Allah, itace da ɗakin kansa, ga mu nan muna neman rufin aji uku.

Daga nan na fito da maganar da ke cikina. Na ce ina so in sayi dashe 40 in kai makaranta.

Ya yi shiru. Sa'an nan ya ce, "Malam, ka gafarce ni, ba zai yi ba." Ya bi mini dalilai a hankali, kamar yadda nake yi musu a aji. Kameliya kowace iri tana son ƙasa mai tsami, mai laushi, wadda ruwa yake wucewa ba ya kwanciya. A ma'aunin da ake kira pH, shayi ya fi jin daɗi tsakanin 4.5 da 5.5, jar ƙasar Mambila kuwa haka take. Tamu ta kwarin Binuwai baƙar laka ce, da damina ta riƙe ruwa ta kumbura, da rani ta tsattsage, ba ta da tsamin nan. Saiwoyinsa na ci suna kusa da bisa, ba su son zafi, ba su son a binne su da zurfi, suna bukatar a rufa musu busasshen ganye. Yana son iska mai laima da inuwa kaɗan. Ruwan sama ya fi masa ruwan rijiya. Ya ce, "Ka tuna watan Maris a Numan, Malam. Mu ma da muke da ƙafa gudu muke yi mu nemi inuwa."

Na ji shi sarai. Amma na ce a raina yaro ne, littafi yake karantawa, ni kuwa zan ba su ruwa safe da yamma, in yi musu rumfa. Wanda ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba.

Aka ɗaura aure ran Asabar a wata majami'a mai rufin kwano a kan tudu. Aka yi wa'azi da Fulatanci ana juyawa da Mambilanci, aka ɗan taɓa Hausa domin mu baƙi. Zumuntar mata suka shigo da rawa, kowace da rigar sanyi a kan anko, hazo yana shigowa ta taga. Matar nan mai tsinkar ganye tana cikinsu, ta gane ni, ta ɗaga mini yatsu biyu da babban yatsa, wato ganye biyu da toho. Aka ci tuwon masara da ganye, aka sha shayi wanda ba a taɓa sa shi a mota ba. Ran Litinin na sayi dashe 40 a wurin wani mai reno, kowane a 'yar baƙar leda. Daga reshe ake yin su, ganye ɗaya da ɗan guntun kara, a yi kusan shekara ana reno a inuwa kafin su isa dashe. Kuɗin shinge duka ya tafi, har na ƙara da na aljihuna domin mota. Ango da amarya suka raka ni tasha. Ya taya ni ɗaura kwalayen, bai ƙara cewa kome ba, sai da mota za ta tashi ya ce, "Malam, ko da wasa kada ka sa musu toka."

Na dasa su a farkon Nuwamba, ruwa ya riga ya ɗauke. Wannan kuskure na fari ke nan, gama da farkon damina ake dashe. Yara suka yi murna, kowane aji aka ba shi nasa, muka yi rumfar ciyawa. Mako uku suna nan kore. Dattijon kwamiti ya zo ya duba, ya ce wannan wane irin bini-da-zugu ne? Na ba shi labarin Japan da Jamus. Ya saurara har na gama, ya ce, "Allah ya raya," ya tafi.

Hunturu ya shigo, bakin ganye ya fara ƙonewa. Sababbin ganye suka fito rawaya, jijiyoyinsu kaɗai ke kore, alamar itacen ya kasa jan abincinsa daga ƙasar ke nan. Sai gara ta samu ciyawar da muka rufa musu. Da na ga gara hankalina ya tashi, na manta da maganar tasha, na aiki yara gida-gida suka kwaso toka muka zuba wa kowane gindi, yadda muka saba yi wa mangwaro. Da na gaya wa uwargida da yamma, ta ajiye muciya ta ce, "Maigida, ba kai ka ce itacen tsami yake so ba? In miyar yakuwa ta yi tsami, me nake sa mata?" Na ce kanwa. Ta ce, "In babu kanwa fa?" Na ce ruwan toka. Ban ƙara magana ba. Abin da kowace mace ta sani a madafa, ni mai takardar difloma na yi wa itace 40 shi da hannuna.

Kafin Ista ta 2024 saura 3. Na tsaya a gaban kwamiti na faɗi abin da na yi tun daga fari, cewa an aike ni neman abu kaza na sayo abin da raina yake so, da kuɗin da iyaye suka tara, waɗansunsu kuwa gyaɗa suka sayar suka kawo. Ban ji daɗin tsayuwar nan ba ko kaɗan. Wani ya ce a kai maganar gaban fasto. Dattijon ya ce ba sai an kai ba, tun da Malam ya faɗa da bakinsa. Aka shirya a riƙa cirewa daga albashina har wata 5. Uwargida ba ta yi mini gori ba, sai dai Kirsimatin shekarar nan yara ba su sami sababbin takalma ba, sun kuwa san dalili.

Da ruwa ya sauka muka dasa bini-da-zugu, ba da kuɗin kowa ba, gama rassa muka saro a gidajen maƙwabta muka kafa. Ta gefen ƙofa na sa lalle, shi ma yana da fure fari mai ƙamshi, da yamma har cikin aji ake ji. Shingen ya kama, yanzu ya kai kafaɗata. Bana yara sun ci kuɓewarsu.

Ukun nan da suka rage na tone su na mayar a tukwane. Biyu suka bi 'yan'uwansu. Na ƙarshen, wanda ganye 4 kaɗai suka rage masa, na kai wa surukata a wani ƙauye kusa da Jos, inda ƙasa take ja, sanyi kuma yake da dama. Na gaya mata duk abin da ɗalibina ya gaya mini, wannan karo ban rage kome ba. Ta dasa shi a gabashin ɗakinta inda rana take taɓa shi da safe kaɗai, ta rufa masa ruɓaɓɓen ganye, ta ajiye randa guda ta ruwan sama dominsa, ta kuma hana jikokinta zuba ruwan wanke-wanke a wurin.

Makon jiya ta sa aka kira ni a waya. Bayan gaisuwa ta ce, "Malam, itacen nan naka ya fitar da waɗansu 'yan ƙulle-ƙulle guda 5 a ƙarƙashin ganye, kamar ƙwayar wake. Ciwo ne, in tsinke?"

Na ce, "A'a Mama, kada ki taɓa su. Ki ci gaba da ba shi ruwa, kada ya bushe ko kwana ɗaya, in ba haka ba za su zube. Ina zuwa ran Asabar."